Abin da Matafiyi Ya Gani, Ya Kuma Ci, a Amurka ta Kudu

Jama'a, yau karatunmu zai kai mu nesa. Za mu ƙetare teku, mu shiga wata nahiya da a ke kira Amurka ta Kudu. Wanda ya je ya komo shi zai ba mu labari da bakinsa. An raba labarin kashi bakwai. A karanta kashi ɗaya, a tsaya a yi magana a kansa, sa'an nan a wuce gaba.

1. Ina ne Amurka ta Kudu?

In ka tsaya a bakin teku a Ikko, ka fuskanci kudu maso yamma, to, ka fuskanci Amurka ta Kudu. Tsakaninmu da ita ruwa ne, wajen mil 3,000. Sunan ruwan Tekun Atlantika.

Nahiyar tana da ƙasashe 12 masu mulkin kansu. Babbarsu ita ce Barazil, mutanenta sun fi miliyan 200. A Barazil harshen Fotugal a ke yi. A yawancin sauran ƙasashen kuwa harshen Sifen a ke yi. Rana tana riga fitowa a wurinmu. In ƙarfe biyu na azahar ta yi a Kano, a gabashin Barazil ƙarfe goma ne na hantsi.

Na shiga ƙasashe uku, watau Barazil da Ajantina da Peru. Da zan tashi, ba nisan hanya ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, me zan ci a can? Ku saurara ku ji yadda muka ƙare.

2. Ƙosai a Salbador

Birnin da na fara sauka shi ne Salbador, a jihar Bahiya ta ƙasar Barazil. Mutanen Fotugal suka kafa shi a 1549. Shi ne babban birnin ƙasar har 1763.

Garin kashi biyu ne. Rabi yana ƙasa a bakin teku, rabi yana bisa tudu. Akwai wata hasumiya mai tsawon ƙafa 236, da ɗakunan ƙarfe a cikinta waɗanda inji ke ja sama da ƙasa. Ka biya 'yan kuɗi kaɗan ka shiga, kafin ka gama dube-dube kun kai bisa. Tun 1873 mutanen gari ke hawa da sauka ta wannan wuri.

Da na fito bisa tudu, sai na yi ta kallon fuskokin mutane. Yawancinsu baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa. Ka ga wani, ka rantse ka san shi a kasuwar garinku.

Ina cikin tafiya sai hancina ya ji wani ƙanshi da ya sani. Na bi ƙanshin nan har gindin wata bishiya. Sai ga wata dattijuwa zaune, da fararen tufafi da farin ɗankwali, ga kasko a gabanta, manja yana tafasa. Tana ɗiban ƙullu da cokali tana sakawa. Na matsa na duba da kyau. Ashe ƙosai ne!

Na ce mata, "Sannu da aiki, Iya." Ba ta ji Hausa ba, amma ta yi murmushi. Na nuna kasko da yatsa. Ta dube ni ta ce, "Kenci?" Na san ma'anar wannan kalma, watau mai zafi. Na ce a raina, wa ke son ƙosai mai sanyi? Na ɗaga kai. Ashe ba zafin wuta ta ke nufi ba, zafin barkono ta ke tambaya. Ta tsaga ƙosan nan biyu, ta lafta masa yaji. Na kai baki, sai hawaye. Ita da masu saye suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Sunansa a can akaraje. Da wake a ke yinsa, irin namu mai baƙin hanci. A surfa shi, a niƙa da albasa da gishiri, a soya da manja. Ya fi namu girma, ya kai dunƙulen hannu. A kan cusa masa busasshen jatan lande da wata miya mai kauri. A tiren matar kuma akwai alale naɗe cikin ganyen ayaba, suna ce masa abara. Akwai kuma miyar kuɓewa, suna ce mata karuru.

3. Wa ya kai ƙosai can?

Ƙosai ba shi da ƙafa. Mutane suka kai shi, ba kuwa da son ransu suka je ba.

Shekara fiye da 300 jiragen ruwa suna kwasar bayi daga Afirka zuwa Barazil, domin noman rake da haƙar zinariya da noman kofi. Waɗanda aka sauke a can sun fi miliyan 4. Ba ƙasar da aka kai wa bayi da yawa kamarta. Ba a hana bauta a Barazil ba sai ran 13 ga Mayu, 1888.

Tsohuwar unguwar Salbador tana da kyau ƙwarai. Gidajenta masu fenti ne, wani shuɗi, wani rawaya, wani ja. An daɓe titunanta da duwatsu. Sunan unguwar Felorinyo. Na tambayi ma'anar sunan, aka ce mini turken da a ke ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Daga nan kallon ya sake mini.

Cikin bayin nan akwai Yarabawa da yawa. A bakinsu sunan akaraje ya fito, don su akara su ke ce wa ƙosai. Akwai kuma Hausawa. An kama da yawansu a yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 19, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku.

Hausawan nan ba su miƙa wuya ba. A 1807 suka shirya tawaye a Salbador, asiri ya tonu kafin ranar. Suka sake tashi a 1809, suka kuma tashi a 1814. Sa'an nan a daren 24 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na watan Azumi, Musulmi kimanin 600 suka fito titunan birnin da fararen riguna. Yawancinsu Yarabawa ne, da Hausawa a cikinsu. Kafin gari ya waye sojoji sun fi ƙarfinsu. A jikin waɗanda suka mutu aka sami layu da takardu rubuce da Larabci, da ayoyi da addu'o'i. Har yanzu ana ajiye da waɗansu takardun a gidan ajiyar takardun tarihi na jihar Bahiya.

Bayan wannan aka kori waɗansu daga ƙasar, waɗansu kuma da suka fanshi kansu suka komo Afirka. Zuriyarsu tana nan. A Ikko ana ce musu Aguda, a Akra ta ƙasar Gana kuwa Tabom.

4. Riyo da garin rogo

Daga Salbador na yi kudu zuwa Riyo di Janero. Shi ne babban birnin Barazil daga 1763 har 1960, sa'ad da aka koma sabon birni mai suna Baraziliya.

Riyo yana matse tsakanin teku da duwatsu. A kan wani dutse mai tsawon ƙafa 2,300 Kiristoci sun gina mutum-mutumin Isa Almasihu, ya buɗe hannuwa biyu. Tsawonsa ƙafa 98, an gama shi a 1931. Ƙaramin jirgin ƙasa ke ratsa kurmi ya kai mutane wurin. Daga can ka ga gari duka a ƙarƙashinka. Ka ga farin rairayin bakin teku, ka ga Marakana, babban filin ƙwallo da aka buɗe a 1950. Ka ga dogayen benayen masu kuɗi. Kusa da su kuma ka ga gidajen talakawa cunkushe a jikin duwatsu, wani bisa wani. Waɗannan unguwanni su a ke kira fabela. Arziki da tsiya suna kallon juna ta taga.

A Riyo na kusa yin kuskure. Na shiga gidan abinci ran Asabar, na ga kowa yana cin wani baƙin wake da nama, sai tururi ya ke yi. Na nuna shi da yatsa, aka kawo mini. Na ɗauki cokali ke nan, sai wani dattijo da ke kusa ya dubi hulata, ya ɗaga mini hannu. Ya nuna kwanon ya ce, "Forku." Ya ga ban gane ba, sai ya zana dabbar a takarda. Alade ne. Sunan abincin fejowada, da naman alade a ke dafa shi. Su a wurinsu abincin girma ne. Abincin wani gubar wani.

Na yi wa dattijon godiya. Tun ran nan na rubuta sunan alade da harsunan nan biyu a takarda, na sa a aljihu. Duk inda na zauna sai na nuna, in girgiza kai. Ba wanda ya ji haushi. Matambayi ba ya ɓata.

Aka canza mini da shinkafa da wake da kifi. A gefe aka ajiye wani gari a ƙaramin kwano. Na ɗanɗana, sai na ji garin kwaki ne sak. Suna ce masa farinya. In an soya shi da mai da albasa, sunansa farofa. Suna barbaɗa shi a kan kusan kowane abinci.

A nan na koyi cewa rogo ɗan Amurka ta Kudu ne. Mutanen ƙasar na asali sun yi shekaru dubbai suna nomansa. Mutanen Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Yanzu kuwa ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya.

Ku kula da wannan. Rogo yana da dafi a jikinsa, mai ɗaci ya fi yawan dafi. Mutanen can sun san haka tun da daɗewa. Su kan ɓare shi, su gurza, su dura cikin wata doguwar jakar saƙa, su matse ruwan sarai, sa'an nan su soya a kasko. Kusan haka masu garin kwaki ke yi a wurinmu. Kada a ci rogo mai ɗaci ɗanye, kada a dafa shi sama-sama. A ɓare shi, a jiƙa kwana uku ko huɗu, a zubar da ruwan inda yara da awaki ba za su kai ba. Wanda ya ci rogo ya ji jiri da amai, a kai shi asibiti nan da nan.

5. Buwenos Ayires, garin nama

Na bar Barazil, na ƙara yin kudu zuwa Buwenos Ayires, babban birnin Ajantina. Watan Yuli ne, amma na tarar da sanyi ya fi na hunturunmu. A can watanni a juye su ke. Yuli sanyi, Janairu zafi.

Birnin yana bakin wani kogi mai faɗi, ba ka hango wancan ƙetare. Yawancin mutanensa farare ne, kakanninsu daga Italiya da Sifen suka zo. Akwai wani titi a tsakiyar gari, don faɗinsa sai ka tsaya a hanya kafin ka gama ƙetarewa. Sunansa Tara ga Yuli, don ran 9 ga Yuli, 1816, ƙasar ta shelanta 'yancin kanta. A tsakiyarsa an kafa farar hasumiya mai tsini, tsawonta ƙafa 221, ginin 1936. A ƙarƙashin gari kuma jirgin ƙasa ke gudu cikin rami, tun 1913. Akwai babban masallaci a unguwar Falermo, an buɗe shi a shekara ta 2000. A can na yi Juma'a.

Bayan birnin akwai fili shimfiɗe, ciyawa iyakar ganinka. Nan a ke kiwon shanu, makiyaya bisa dawakai. Don haka nama shi ne abincinsu. Gashinsu sunansa asado. Su kan shimfiɗa manyan yanka bisa waya, a kan garwashi, su bar shi ya gasu a hankali. Gishiri kaɗai su ke sa masa, ba ƙuli, ba yaji. Ya yi kama da balangu. Amma a lura, su kan gasa tsiran alade tare a waya ɗaya. Kuma ba su cin abincin dare sai ƙarfe tara ko goma. Ran farko na je ƙarfe bakwai, na tarar ba a ko hura wuta ba.

Abin shansu wani ganye ne mai ɗaci, sunansa mate. A ƙaramin ƙoƙo a ke zuba shi, a sa ruwan zafi, a zuƙa da bututun ƙarfe. Ƙoƙo ɗaya ne, bututu ɗaya, yana zagayawa hannu zuwa hannu. Da aka miƙo mini na shanye, na mayar, na ce na gode. Ƙoƙo ya yi ta zagayawa, ba a ƙara ba ni ba. Daga baya na gane, in ka ce ka gode, ka ce ka ƙoshi ke nan. Baƙo ko da ido makaho ne.

6. Lima da Kusko, gidan dankali

Daga nan na ƙetare manyan duwatsun Andis zuwa Lima, babban birnin Peru. Lima yana yammacin nahiyar, a bakin wani teku dabam, watau Tekun Fasifik. Mutanen Sifen suka kafa shi a 1535. Ruwan sama bai cika sauka a Lima ba. Sai dai wani hazo mai laima da ke rufe gari wata da watanni. Daga kogunan da ke gangarowa daga duwatsu su ke samun ruwan sha.

A tsakiyar benaye na ga wani tsohon gini kamar tudu, na tubalin laka zalla. Ya yi shekara wajen 1,500. Maginansa sun jera tubalan a tsaye, da 'yar tazara tsakaninsu, don ƙasar tana yawan girgiza. In ta girgiza, tubalan su motsa, ginin bai rushe ba.

Abincin da Lima ke alfahari da shi sunansa sebice. Ɗanyen kifi ne, a yanka ƙanana, a matsa masa lemun tsami da yawa, a sa albasa da barkono da gishiri. Lemun ya kan sa kifin ya yi fari kamar an dafa. Amma lemu ba wuta ba ne. Don haka da rana su ke cinsa, da kifin da aka kamo da safe. Na daure na ci, ya kuwa yi daɗi. Da dare kuma na ga mata a bakin titi suna gasa zuciyar saniya a tsinke. Sunansa antikuco. Tsire ne, ba ko tantama.

Daga Lima na hau zuwa Kusko, tsohon birnin sarakunan Inka. Yana bisa duwatsu, ƙafa 11,000 daga bakin teku. Jos da mu ke cewa tudu, ƙafa 4,000 ne. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Na sauka na kama sauri kamar a gida, sai kaina ya yi ta sarawa, numfashi ya gagara. Na kwanta yini guda kafin na warware. Wanda ya je, ya huta ran farko, ya sha ruwa da yawa, ya yi tafiya sannu.

A bayan gari akwai ganuwar Inka. Waɗansu duwatsunta sun fi ɗaki girma. An sassaƙa su, an haɗa ba laka ba siminti, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu.

A kasuwar Kusko na ga dankali iri iri, ja da baƙi da rawaya da shuɗi, wani dogo, wani kamar ƙwai. A duwatsun Andis akwai irinsa fiye da 4,000. Manoman can su kan baza shi a fili, sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, su tattake ruwan da ƙafa, ya bushe. Sunansa cunyo, ya kan yi shekaru a rumbu bai lalace ba. Wannan shi ne abin da mu ke kira dankalin Turawa. Ashe ba na Turawa ba ne. Su ma daga nan suka ɗauka.

7. Komowa gida

Da na komo na shiga kasuwar garinmu, sai na gan ta da sabon ido. Ga rogo, ga gyaɗa, ga attaruhu, ga abarba, ga kashu, ga dankalin Turawa. Duk asalinsu Amurka ta Kudu ne. Har gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, kakanninta daga can suka zo. Mu kuma daga Afirka wake ya tafi can, da kuɓewa, da manja, da kofi.

Na tsaya wurin mai ƙosan unguwarmu, na ce, "Iya, kin san kina da 'yar'uwa a bayan teku?" Ta ce, "Kai, ɗan nan, wace 'yar'uwa?" Na ba ta labarin dattijuwar Salbador, da yadda kakanninta suka je can. Ta yi shiru. Can ta ce, "Allah ya ji ƙansu." Ta ƙara mini biyu gyara.

Kalmomin da za a rubuta a allo

nahiya, teku, hasumiya, tawaye, zuriya, dafi, garwashi, tubali, ganuwa, asali

Tambayoyi

1. Wane teku ne tsakaninmu da Amurka ta Kudu?
2. Da me a ke yin akaraje? Ina bambancinsa da ƙosanmu?
3. Ta yaya Hausawa suka je Bahiya? Me suka yi a 1807?
4. Daga 1835 zuwa 1888 shekara nawa ne?
5. Yaya a ke fitar da dafin rogo mai ɗaci?
6. Me ya sa matafiyi ya ajiye takarda a aljihu?
7. Kusko ya fi Jos tudu da ƙafa nawa?
8. Ku faɗi amfanin gona huɗu da a ke nomawa a ƙauyenku waɗanda asalinsu daga Amurka ta Kudu ne.